Ranar da 'Yan Gayya Suka Tuge Ƙudujin Yayata

Wasu shekaru can baya, yayata ta zo gida Yasore daga jami'a da wata buƙata da ta sa Baba ya ajiye kofin kokonsa yana kallonta. So take a ba ta gefen gonarmu da ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya fi cinyewa, kuma kada kowa ya tuge ko ɗaya.

"Ɗiyata, yanzu a boko har ƙuduji ake kiwo?"

Ta yi dariya ta yi masa bayani. Saiwar dawa tana fitar da wani sinadari a cikin ƙasa, shi ke tashin irin ƙuduji daga barci ya zo ya maƙale mata. Ita tana neman dawar da ba ta fitar da shi da yawa. Digirinta na uku a kan daminar nan ya rataya, in ta wuce sai baɗi, ga tallafin karatunta ya kusa ƙarewa.

Ta shuka dawa iri-iri, ta koma makaranta, ta bar mini tsaro. Ni kuwa har tafiyata ta canza, wai ni mataimakin mai bincike. Baba ya ce kada in yi ta yi wa mutane bayani, don ba mai yarda.

Ana haka Baba ya faɗi a babur, ƙafa ta kwantar da shi. Ƙuduji ya fito ya yi fure, gefen gonar nan kamar an shimfiɗa atamfa. Duk mai wucewa sai ya girgiza kai.

Wata ranar kasuwa na tafi Batsari, na daɗe wurin mai tsire. Da na dawo da la'asar, daga nesa na hango hayaƙi. Maƙwabcinmu, aminin Baba, ya tara gayya. Sun tuge ƙudujin tas, sun tara, sun cinna masa wuta.

"Ka ce wa babanka ya kwantar da hankalinsa, ko ɗaya ba mu bari ba," in ji shi, yana share gumi.

Na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa." Ban taɓa yin godiyar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba.

Da na faɗa wa Yaya a waya, sai na ji tana kuka. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Amma da ta zo, gidan maƙwabcin ta fara zuwa. Ta durƙusa a zaurensa ta gaishe shi, ta yi godiya, sannan a hankali ta faɗa masa abin da ake yi da ƙudujin.

Tsohon ya riƙe haɓa. "Ashe gyaran gangar Auzinawa muka yi." Can ya ɗago. "To in dai ƙuduji kike nema, ɗiyata, ai shi ne arzikinmu. Tashi mu je tawa gonar."

Kafin mako ya zagayo magana ta bazu. Manoman da ke jin kunyar a ga ƙuduji a gonarsu suka koma gasa, kowa na rantsuwa tasa ta fi lalacewa. Na yi ta goya Yaya a babur har Babban Duhu, da kula cike da ƙanƙara, tana haƙo saiwoyi. Wani dattijo har fushi ya yi da ta ce nasa ƙudujin bai kai ba.

Maimakon gona ɗaya, ta samu tsofaffin irin dawa daga gonaki barkatai. A ɗakin gwaji ta gano waɗanda sinadarinsu ba ya saurin tashin ƙuduji. Ta kammala a kan lokaci, kuma har yau masu bincike a wasu ƙasashe suna ambaton aikin nan a nasu rubutun.

Da aka ba maƙwabcinmu wannan labari, gyara zama ya yi ya ce, "Ka ji. Da ba mu tuge ba, da gona ɗaya za ta gani."

Ni abin da ya zauna mini a rai shi ne durƙusawar da ta yi a zauren nan, alhali ranta a ɓace. Da faɗa ta je yi, da ba wanda zai nuna mata gonarsa. Baffa ya tsufa yanzu, amma duk damina in ya hango fure a gonarmu, sai ya dogara sandarsa ya ƙwala mini kira:

"Kai, wannan na cirewa ne, ko na Yayarku?"