Firijin da Na Ɓoye wa Baba

Duk layinmu an san ni da baki. Idan mai kawo ruwan leda ya makara sai in wanke shi tas a gaban jama'a, kuma ko a jikina. Maigidana ma yakan ce shi ya sa yake son aikinsa na Abuja, ya fita da sassafe, ya dawo bayan na huce. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da idan na durƙusa a gabansa bakin nan mutuwa yake yi, shi ne Baba.

Ni ce 'yar farinsa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, "yarinyar nan" yake cewa, har bayan na haifi huɗu. A hannun Goggo na tashi, ƙanwarsa, kuma ita ce hanyar maganarmu. Abin da zai faɗa mini ita yake faɗa wa, abin da zan faɗa masa ita nake faɗa wa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Ƙaunarsa a bayan idona yake nuna ta. Sai in je unguwa in dawo in tarar an gyara fankar shagona, ko an sauya wayar da ta ƙone, in tambaya a ce Baba ne ya biyo. Yana da makullin shagon tun ranar da ya kafa mini firijina na farko.

Gyaran firiji ne sana'arsa, sama da shekara talatin. Rabin masu gyaran Suleja a rumfarsa suka koya. Yakan kara kunne a jikin inji ya gaya maka ciwonsa kafin ya kwance ko da ƙusa ɗaya. Idan zai sauya bututu, sai ya ɗan tsaga shi da filaya, gas ya riƙa fita yana tsuwwa, kafin tsuwwar ta gama mutuwa ya riga ya kunna wutar walda. Gas ɗin da ya sani ba ya kamawa. Iyakarsa ya yi wari mai hawa kai, a yi tari, a ci gaba da aiki. Na ga ya yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba.

Ni kuma kunun aya nake sayarwa, da zoɓo da lemon kwalba, a wani ɗan shago kusa da tasha. Wanda ya san kunun aya ya san ba ya yafiya: ka bar shi cikin zafi rabin yini, ya yi tsami, sai zubarwa. Da tsohon firijina ya fara gajiya, yana shan wuta har janareta ya riƙa nishi, sai na sayi sabo mai ƙofar gilashi. Mai sayarwar wani ɗan kudu ne da ya daɗe a garin, yana Hausa yana haɗawa da Turancin buroka. Ya juyo mini bayan firijin, ya nuna mini wata alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, da hoton harshen wuta a ciki. Ya ce gas ɗin da ke cikinsa sabo ne. Na da, in ya fita ya hau sama, yana cikin abubuwan da ke ƙara wa duniya zafi, wani ma yana cinye rufin da ke tare mana rana. Wannan ba ya yin haka, kuma ba ya shan wuta sosai.

Na ce, "Ni ina ruwana da sama, kunu na kada ya yi tsami."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, ji nan. Wannan gas ɗan'uwan gas na girki ne, kuma shi ba ya wari. In ya lalace, kada ki bari kowa ya sa masa wuta sai wanda ya koya."

Nan take na san wanda zai fara sa masa wuta.

Washegari na tafi wurin Goggo na zayyana mata komai: gas ɗin yana kamawa, don Allah ta gaya wa Baba kada ya taɓa firijin nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, ni zan je in ce wa Yaya kada ya taɓa firiji? Shi da ya koya wa gari?" Na yi ta magiya har ta ce to. Bayan kwana biyu na tambaye ta, ta ce ta faɗa. Na yarda, don ina son in yarda. Sai daga baya na ji abin da ta faɗa ɗin. Wai yarinyar nan ta ce firijin nata ɗan zamani ne, a riƙa lallaɓa shi. Baba ya murmusa ya ce firiji ai firiji ne. Maganar ta isa, amma wutar da ke cikinta ta tsaya a hanya.

Kusan shekara guda firijin yana aiki, har na manta. Gaskiya ne ba ya shan wuta, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai wata Talata cikin bazara, irin zafin nan da ko kwalta sai ta yi laushi, na buɗe na ji robobin kunu da ɗumi. Injin yana juyawa, sanyi babu. Na kira mai sayarwar, ya ce mai gyaransa yana wani aiki a Abuja, sai Asabar.

Kwana huɗu kenan. Na kwashe kayan na kai su firijin wata maƙwabciya, na lulluɓe nawa da zane kamar mai ɓoye abin kunya. To amma a Suleja ake ɓoye magana? Direbobin da suka saba shan kunu mai sanyi suka fara tsokana, wai Hajiya ta koma sayar da shayi. Ɗaya daga cikinsu a masallaci ɗaya suke salla da Baba.

Ranar Laraba na je gaishe shi da niyyar in faɗa da bakina. Na tarar da shi a rumfa yana goge wani inji. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon injin, sannan ya tambayi iska, "Kasuwa lafiya?" Ta ina zan fara? In ce Baba, wannan firijin ya fi ƙarfin saninka? In ce akwai wani yaro a Abuja, sa'an ɗan autanka, da ya fi ka sani? Na ji bakina ya ce, "Lafiya lau." Ni da nake tsayar da ɗan kamasho da magana ɗaya.

A hanyar komawa na sayi sabon kwaɗo. Na ce in na sauya na ƙofar shagon, shi kenan, ba sai an yi magana ba. Na tsaya a ƙofar shagon da kwaɗon a hannu, sai na hango shi a raina, tsoho da jakar kayan aiki a kafaɗa, yana juya makulli a ƙofar 'yarsa ya ƙi buɗewa, mutanen layi suna kallo. Hannuna ya ƙi. Na mayar da kwaɗon jaka, na ce kwana uku ne kawai, Allah zai rufa asiri.

Ranar Alhamis na tafi kasuwar Lambata sayen aya da dabino. Ina cikin aunawa bayan azahar waya ta yi ƙara. Telan da ke maƙwabtaka da shagona ne. Ya ce, "Ki bar abin da kike yi ki taho, Baba ya ƙone." Ban san yadda na shiga mota ba, ayar ma a can na bar ta.

Telan ne ya ba ni labarin yadda aka yi, abin da ya faru a ciki kuma daga baya Goggo ta ji daga bakin Baba. Baba ya jira sai da ya tabbatar ba na nan, kamar yadda ya saba. Ya buɗe, ya shiga, ya janyo ƙofar don kada iska ta dami wutarsa, kuma don kada a gan shi. Ya kara kunne, ya gane wani siririn bututu ne ya toshe, kuma daga baya mai gyaran Abujan ya ce wallahi daidai ya gano. Ya tsaga bututun, gas ya fita. Bai ji warin komai ba. Gas ɗin ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda Baba ya durƙusa. Alamar tana nan a gabansa, da rubutun Turanci a ƙarƙashinta, shi kuwa Baba ajami yake karantawa. Ya ƙyasta ashana.

Telan ya ce bai ji wata babbar ƙara ba, fuu kawai ya ji, sai ga Baba ya fito yana salati, hannayen rigarsa na ci da wuta. Shagon bai ƙone ba. Firijin ma ɗan baƙi kawai ya yi a ƙasa.

A asibiti na tarar an naɗe hannayensa biyu har gwiwa, gemunsa ya babbake gefe ɗaya. Goggo tana zaune a ƙasa tana kuka. Na so in yi mata faɗa, wallahi na so, na buɗe baki sai na tuna ni ma na durƙusa a gabansa na ce lafiya lau. Sai na fita waje na rasa wanda zan kama. Na kira mai sayar da firijin na zazzage masa, ya bar ni na gama, ya ce a hankali, "Hajiya, na gaya miki." Ya gaya mini kuwa.

Har yau ba na musun maganar gas ɗin. Zafin garin nan ba irin wanda na sani ina yarinya ba ne, in akwai abin da zai rage shi, a yi. Abin da ke ci mini rai shi ne, an zauna a can wani wuri an sauya abin da ke cikin bututun, an buga takarda an manna, amma ba wanda ya biyo rumfar Baba ya zauna a benci ya ce masa, Malam, ga yadda abin ya koma. An ce ana koyar da masu gyara, na ji. Ba a zo kansa ba. An bar wa 'yar fari ta faɗa, ita kuwa ba ta da bakin.

Ciwon ya warke bayan watanni, amma yatsun hannun damansa uku sun ƙi lanƙwasuwa. Ba ya iya riƙe filaya, balle wutar walda. Rumfar kuwa, wani tsohon almajirinsa ne ya karɓe ta. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne abin da ya faru kwana na uku a asibiti. Na kawo masa kunu, Goggo tana ba shi da cokali, ni ina tsaye a bakin ƙofa inda na saba tsayawa. Ya sha kaɗan, ya kau da kai. Bai dube ni ba, Goggo ya duba, ya ce, "Ki ba yarinyar nan haƙuri, na ɓata mata firiji. Ki ce ta nemi wanda ya iya."

Goggo ta juyo za ta maimaita mini, kamar ban ji ba. Na durƙusa a inda nake, na ce, "Ki ce masa ba komai."