Akushin da ruwan Tiga bai cinye ba

Ƙusa a hannu ɗaya, dutse a ɗayan, saura ƙiris jikata Hauwa'u ta huda gindin wani tsohon akushi. A kasuwar Yako ta samo shi wajen mai tsofaffin kaya, wai za ta shuka na'a-na'a a ciki.

Na ce, "Amarya, dakata! Miƙo shi nan."

Ta ce, "Kai tsoho, sai ka ce zinariya? Gindin ma duk ya ƙone."

Ba ƙuna ba ce. Zane uku ne da ɗigo, da ƙarfe mai zafi aka yi su. Mahaifina masassaƙi ne, bai iya rubutu ba, wannan ne sa hannunsa. Ni da sai da furfura na shiga ajin yamma, shi ne rubutun da na fara karantawa a duniya.

Tun da ruwan dam ɗin Tiga ya tashe mu, na ɗauka duk aikin hannunsa ya nutse tare da garinmu. Na daɗe zaune ina shafa zanen. Ikon Allah!

Jiya a cikinsa muka ci tuwo da jikokina. Na'a-na'a kuwa tana tsohon bokiti.

Jama'a, ku kifa akusan gidanku ku duba. Me kuka gani?