Ƙarfen da Na Ƙi Ƙerawa

Ban taɓa son shef ɗinmu, wato shugabanmu a filin jirgin Tawa ba, shi ma bai taɓa sona ba. Shekara bakwai muka yi muna aiki wuri guda, ban tuna ranar da muka sa hannu a kwano ɗaya ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ɗauke ni aiki. Ni ɗan maƙera ne daga Barmu. A gaban zugazugi na tashi, daga baya na koyi walda a garejin gwamnati, shi ya sa aka turo ni in riƙa kula da ƙarafa da tayoyi a rumfar ajiye jirgi, wadda muke kira angar. Jirgin ɗaya ne tak, ƙarami, mai kujera huɗu. Likitocin dabbobi yake kaiwa arewa wurin makiyaya. Matuƙinsa Anasara ne, wato Bature, mai ƙarancin magana, in ya sauka ya duba injinsa sai ya shiga mota ya tafi gida. Shef kuwa ɗan gari ne, ɗan gidan sarauta, ya yi karatu a Yamai, ya gaji teburin wani Anasara da ya koma ƙasarsu. Kusan sa'ana ne. Bai taɓa kiran sunana ba. "Maƙeri" yake cewa, yana jan kalmar kamar ya taka wani abu a hanya.

Jirgin yana da manyan tayoyi biyu a gaba, da wata 'yar taya ƙarama a ƙarƙashin wutsiya. Angar ɗin matsattse ne, sai da baya ake shigar da jirgin, ga kuma tudun siminti a bakin ƙofa, gabansa yashi. 'Yar tayar nan ba ta jin magana: ka tura jirgin, ta juya inda ta ga dama, fiffike ya nufi bango. Saboda haka dole mutum guda ya ɗaga wutsiyar a kafaɗa ya riƙa ja da baya yana saita ta, mu biyu, ni da wani lebura, muna turawa ta gaba.

Mai ɗaukar wutsiyar wani lebura ne mutumin Bambai, ya girme ni da kamar shekara goma. Ci-rani ya zo, ya samu aikin, ya zauna. Da damina ƙannensa ke riƙe masa gona. Ƙaƙƙarfa ne, mai fara'a. Yaya nake ce masa.

Wata rana matuƙin ya tsaya yana kallon yadda muke fama, ya girgiza kai. Washegari ya kawo wa shef wani littafin kaya mai hotuna, ya ce a zaɓi ƙarfen jan jirgi a aika a sayo: dogon ƙarfe mai baki biyu da ke kama taya, mutum ya riƙe mariƙinsa ya ja jirgin inda yake so. Ya ajiye littafin, ya tashi jirginsa ya yi arewa.

Shef ya fito da littafin bakin angar, ya zauna a kan kujerarsa. Muka kewaye shi, ni da mutumin Bambai da ɗaya leburan da direban ofis. Ƙarafan sun kai goma a shafi biyu. Akwai gajeru, akwai masu naɗewa, akwai wanda ake ɗaurawa a bayan mota. Shef ya ɗora yatsa a kan wani ja, dogo, wanda ya fi sauran kyau, ya zaro alƙalami ya kewaye shi.

Ni ba na karanta Faransanci, amma ina karanta hoto. A hoton, ƙarfen yana kame da wata taya da ke ƙarƙashin hancin jirgi. Namu ba shi da taya a hanci.

Na ce, "Shef, wanga ba na jirginmu ba ne. Dibi inda tayar take. Bakinshi ya yi faɗi ga tamu. Ga namu nan ƙasa, wanga ɗan baƙin."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Maƙeri, yaushe ka iya karatu?"

"Ba karatu ba ne, Shef, hoto ne."

"An rubuta nan, ƙarfen ya dace da kowane ƙaramin jirgi. Ka ga rubutun? Karanta mana mu ji."

Ya miƙo mini littafin. Na tsaya hannuna a sake. Direba ya fara dariya.

Da na yi shiru a nan, da abin ya tsaya. Sai na ƙara da cewa, "In ma ka ba ni bututu da kwana biyu, ni yi mana shi nan, daidai da tayar."

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce, "Hauya da lauje ka sani. Wanga jirgin gwamnati ne. Ba a saka mishi ƙirar kasuwar Barmu. In muna son wuƙar fawa mu kira ka."

Kowa ya yi dariya, har mutumin Bambai ya ɗan murmusa, ko da yake daga baya ya ce mini kunya ce ta sa shi. Na juya na koma wurin tayoyina. Kunnuwana suna zafi har la'asar.

A ranar na yanke shawara: ba zan ƙara cewa komai ba. Zan jira jan ƙarfen ya zo, a buɗe shi gaban jama'a, a gwada, ya ƙi shiga. Wannan rana nake so, kuma na so ta fiye da yadda ya kamata mutum ya so wani abu.

Kaya daga Turai a zamanin sai sun hau teku, sun hau jirgin ƙasa, sun hau babbar mota. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Muka ci gaba da ɗaukar wutsiya. Ni dai na riga na auna sandar da 'yar tayar ke juyawa a kai, na san kaurinta da tsawonta. Na ga bututun da ya dace a jibge bayan gareji. Ƙarfen yana nan a cikin kaina an gama shi, har inda zan naɗa roba don kada ya kankare fenti.

Mutumin Bambai ya san zan iya ƙera shi. Sau uku yana yi mini magana. Na farko cikin wasa. Na biyu muna wanke hannu bayan mun shigar da jirgi, yana murza kafaɗa. Na uku ya biyo ni har bakin hanya.

Ya ce, "Ɗan'uwa, yi mana ƙarfen nan. Mu ɓoye shi bayan durom. In shef ba shi nan mu yi aiki da shi. Bayana ya fara yi mini magana."

Na ce, "Yaya, ka ji abin da anka ce. Ƙirar Barmu ba ta taɓa jirgin gwamnati."

"Ni ban ce ba."

"Amma ka yi dariya."

Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "To, Allah shi kyauta." Ya juya.

Ko matuƙin ma ya taɓa tambaya ina ƙarfe. Shef ya ce yana hanya. Ina tsaye kusa da su riƙe da famfon taya. Da na faɗi kalma ɗaya ta bakin direba, wanda ke yi mana tafinta, da matuƙin ya buɗe littafin ya ga kuskuren. Na sunkuyar da kai na ci gaba da buga iska.

A wata na huɗu damina ta kawo kai. Wata rana bayan azahar jirgin ya sauka, hadari ya taso daga gabas, ja wur, iska a gabansa. Matuƙin ya diro yana ɗaga hannu, a shigar da jirgi maza kafin iska ta kifar da shi. Mutumin Bambai ya shiga ƙarƙashin wutsiya ya ɗaga. Muka tura. Yana ɗora ƙafa a kan tudun simintin nan sai iska ta daki jirgin ta gefe. Wutsiyar ta murɗa da shi. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, amma bai saki ba, don ya san in ya saki za ta bugi simintin. Ya riƙe har direba ya rugo ya tallafa. Muka shigar da jirgin ko ƙwarzane babu. Da muka juyo, yana kwance a bakin ƙofa, ruwa ya fara sauka a kansa, ya kasa tashi.

Da motar ofis aka kai shi asibiti. Ya yi makonni a kwance. Da ya fito, tafiyarsa ta zama a duƙe, yana dafa ƙugu. Shef ya ɗauki wani lebura a madadinsa tun kafin a sallame shi.

Kwana tara bayan faɗuwar, akwatin ya iso. Ranar da na jira ke nan. Aka buɗe gaban kowa, ƙarfen ja yana ƙyalli. Shef da kansa ya durƙusa ya kai bakin ƙarfen ga 'yar tayar. Tazarar da ta rage, hannuna zai shige ta kowane gefe. Ya juya shi, ya matse, ya sake juyawa. Matuƙin ya karɓa, ya duba sau ɗaya, ya tambayi wanda ya zaɓi wannan.

Shef ya ce masu kayan ne suka aiko da wanda ba shi ba.

Na shiga ofis ba tare da izini ba, na ɗauko littafin, na buɗe shafin, na nuna wa matuƙin da'irar alƙalamin shef. Na ce wa direba, "Gaya mishi na faɗa tun ranar farko, anka ce ban iya karatu ba."

Fuskar shef ta yi irin yadda na so ta yi. Matuƙin ya gaya masa wasu kalmomi da direba ya ƙi fassarawa. Sannan ya juyo gare ni, ya tambaya ko zan iya yin wanda ya dace. Na ce zan iya. Ya ce tun yaushe na san zan iya. Na ce tun farko. Ya kalli tudun simintin, ya kalle ni. Irin kallon da ya yi wa shef, shi ya yi mini, bai rage komai ba.

Yini ɗaya da safiya na gama ƙarfen. Tsawonsa daidai ƙirjina, baki biyu masu kama sandar tayar, mariƙi a gicciye, roba daga tsohon tib na taya. Na zuba yashi da duwatsu na yi gangare a bakin ƙofa. Daga ranar mutum guda ke saita jirgin da hannu ɗaya.

Shef bai yafe mini littafin da na ɗauko ba. Sau biyu ana neman wanda za a aika Yamai koyon gyaran inji, sau biyu yana cire sunana. Ni ma na daina gaishe shi sai in akwai baƙi.

Bayan girbi na ga mutumin Bambai a kasuwar Lahadi, zaune a kan tabarma yana sayar da igiyoyin da yake tufkawa. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

Ya ce, "An ce ka yi ƙarfen."

"Na yi, Yaya."

"Shina aiki?"

"Shina yi."

Ya ci gaba da murza kaba a cinyarsa. Na fara ba shi labarin yadda shef ya ji kunya gaban Anasara, ina tsammanin zai ji daɗi. Ya katse ni.

"Shi bai iya ba, girman kai ya hana shi tambaya. Kai ka iya. Sau ukku na roƙe ka."

Na ce ya zo gida ya ci abinci, mu yi magana. Ya ce ya gode, ya ƙoshi. Na ce ko akwai abin da zan yi masa. Ya ce, "Akwai. Matsa, ka tare mini masu saye."

Na matsa. Na ƙara ganinsa a kasuwa sau da yawa bayan haka, yakan amsa gaisuwata, ba ya ƙarawa. Wata shekara na nemi tabarmarsa ban gani ba, aka ce ya koma ƙauye wurin ƙannensa. Ban je Bambai ba. Na sha yin niyya, sai in rasa abin da zan faɗa in na isa.

Da aka ɗauke shef zuwa wani gari, ma'aikata suka yanka masa rago a bakin angar. Na ce ina da aiki a gareji, na tafi. Ya aiko direba ya kira ni mu yi sallama, na ce a gaya masa hannuna da baƙin mai.