Jinjina ga Malam Inoussa Mai Batir

Da an idar da asuba Malam Inoussa zai fito da teburinsa bakin hanyar tashar Zongo, ya jera batir kashi biyu: mai sunan kamfani da ake kira alkalin a dama, mai araha marar suna a hagu. Shekara ashirin da ɗaya ke nan yana haka, tun muna tsohon Zongo. A watan nan zai bar teburin, idonsa ya yi rauni.

Ba ya sayarwa sai ya tambayi abin da za a saka wa. Da batirin alkalin ya fara shigowa kasuwar Assigamé, Malam Inoussa ya kunna rediyo biyu iri ɗaya a gaban jama'a, kowace da nata batir, har suka mutu. Mai sunan ya fi daɗewa, amma bai ninka ba, kuɗinsa kuwa ninki uku ne. Tun daga nan mai rediyo ko tocila yakan ce masa ya ɗauki mai araha, ya dai cire in zai ajiye, don yana tsiyaya.

Kimba, wani mai dako ɗan Dosso, bai iya rubutu ba, a kaset yake yi wa mahaifiyarsa saƙo. Wani zuwa direban da ke kai kaset ɗin ya dawo da labarin tsohuwar ta daina cin abinci. Muryar da ta ji siririya ce, mai sauri, ta ce ba ta ɗanta ba ce, ya rasu ake ɓoye mata. Kimba ya zo teburin da rikodarsa. Malam Inoussa ya buɗe rikodar, ya ga batir mai araha da ya kusa ƙarewa. Ya bayyana masa cewa kaset ɗin a hankali ya juya lokacin ɗauka, shi ya sa muryar ta canza a can.

"Ni na sayar maka ban tambaya ba," in ji shi. "Zauna, ɗana, ka sake yi wa Inna magana."

Ya saka alkalin shida daga nasa, Kimba ya sake ɗauka, Malam Inoussa ya saurari kaset ɗin har ƙarshe, ya kai wa direba da kansa. Bayan kwana tara amsa ta zo da muryar tsohuwar, tana faɗan an tsorata ta, tana sa albarka.

Malam Inoussa, kai ne ka mayar wa wani dillali katan goma na batir jabu masu rigar kamfani, don ka ji ba su da nauyi a tafin hannu. Hasanatu mai koko tana wurin, ta ji ka ce ba za ka saka wa maƙwabci wannan a rikoda ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba idon lafiya. Masu tebur da za su gaje shi, ku tambayi mai saye abin da zai yi da kaya kafin ku miƙa masa.