Gidan Kawu Isuhu Mai Kwancewa

Duk wanda ya san Kawu Isuhu a Matameye ya san shi da bokiti. Yana fitowa daga sallar asuba zai nufi filinsa, ya hau yi wa siminti ban ruwa kamar mai lambun albasa. In ka gaishe shi sai ya ce, "Dakata, su sha tukuna."

Allunan kankare ne yake zubawa a mazubin katako, kowanne ya kai ƙofa girma, da ginshiƙai masu tsaga a gefe inda za a zura su. Dalilinsa bai taɓa ɓoyewa ba. Yana saurayi aka sayar da gidan mahaifinsa wajen rabon gado, tsohuwarsa ta fita da tabarma a ka. Ya rantse ba za a yi wa matarsa Inna Rabi haka ba. Filin ya ba ta kyauta a gaban shaidu, ginin kuma ya ce zai yi wanda za a raba ba a sayar ba.

Wani maso, wato magini, ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Malam Isuhu, tunda nake ban ga inda ake gina gida a kwance ba."

Kawu ya ce, "Kai ka je ka yi naka a tsaye rana ta ci ƙeyarka. Ni a inuwa nake nawa."

Kuma allo ba ya shiga lissafi sai bijiminsa ya taka shi. Wanda ya tsage, Kawu ya ce da ma munafuki ne.

Shekara huɗu yana wannan. Da aka zo tayarwa, ashe allo ɗaya sai ƙarti shida, Kawu kuwa ba ya fidda kuɗin lebura ko za a yanka shi. Sai ya jira sunan jikarsa. Mun zo da manyan riguna, ƙamshin naman rago ya cika unguwa, ya tsaya a bakin tukunya ya ce, "Wanda ya ɗaga shi zai ci." Wallahi har liman sai da ya naɗe hannun riga. Ni kwana uku ina sallah a zaune. Amma kafin la'asar bangon ɗaki biyu na farko ya miƙe, ko wuƙa ba ta shiga tsakanin allo da allo. Na tsaya baki buɗe, ban taɓa ganin abu irin wannan ba.

Gidan yana da nasa halin, kar a ce na ɓoye. Ƙusa ba ta shiga bangon, sai dai ta lanƙwashe. Da bazara ta yi, Inna ta fito tana fifita da mayafi ta ce, "Malam, wannan ɗaki ne ko tanda? A ƙara mini taga."

Ya ce, "Ina kike lokacin da yake ruwa? Yanzu ya riga ya yanke shawara."

Sai rumfar zana ya yi mata a ƙofa, yana mita kamar an ci shi tara.

Bara Allah ya karɓi abinsa. Liman ya yi rabon gado, ba wanda ya ɗaga murya. Babban ɗansa ya zo da amalanken shanu, aka zare ɗakunansa allo-allo sai Dawce. Ƙaramin ɗan ya kwashi nasa. Ƴar da ke aure a Yauri ta tafi da nata guda. Cikin kwana uku gida ya watse ba a fasa ko allo ɗaya ba, ɗakin Inna yana nan inda yake.

Na same ta zaune a ƙofarta tana kallon filin. Ta ce, "Shekara huɗu ina ce masa mahaukaci. Ga ni a ɗakina."

Allah ya jiƙan Kawu Isuhu, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi gidan da ba mai fitar da shi.