Matar da Ta Rufe Teburinta da Hannunta

Kullum kafin rana ta yi zafi, Madam Perpetual takan sauko daga motar Tungan Maje, ta shiga ɗan kamfanin haɗa fitilun sola da ke hanyar Gwagwalada. Wurinta yana can ƙurya, a teburin gyara. Duk koren allon lantarkin da aka haɗa ya ƙi aiki, gabanta ake zube shi. Ta sa gilashi ta bi ƙafafun 'yan kayan da aka like da dalma ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi na shiga mata ido, har ta gano inda likin ya saki.

Ni ɗan kasuwa ne a Zuba, fitilun nan nake sayarwa, kuma ni ne na fi kowa mayar musu da kaya. Kwali-kwali nake kaiwa ina zage-zage. Ita kuwa sai ta karɓa ta hau gyara.

Maharazu, wanda ke kan layin haɗawa, shi ya ba ni labarin abin da ta gano. Ma'aikata kan sayi ƙosai a bakin titi, su ci a tsaye, su goge hannu a wando su hau aiki. Matan kuma sun sha basilin har yatsu. Maiƙon nan ne ke taɓa jan ƙarfen allo, dalma ta zauna kamar ta kama, fitila ta yi wata guda ta mutu. Sai ta ajiye bokiti da sabulu a ƙofa, ta tsaya tana duba hannun kowa. Ta koya musu riƙe allo ta gefe kamar hoto. Suka yi ta mata ba'a, suka sa mata suna Mama Sabulu.

Maharazu ya ja ta gefe ya ce ta yi hankali, in kaya suka daina lalacewa, oga mai kamfanin ba zai ci gaba da biyan mai gyara ba. Ta ce ta sani.

"Wadda fitilarta ta mutu a ƙauyen Abaji ba ta da kuɗin motar dawo da ita," in ji ta. "Duhu kawai za ta zauna."

Kaya suka daina dawowa. Ni kaina na manta hanyar kamfanin. Maharazu ne ya gaya mini cewa a watan jiya oga ya yaba mata a gaban kowa, ya ce an rage asara sosai, sannan ya ce an rufe teburin gyara. Abin ya ƙona mini rai, har yau ban huce ba.

Madam, ke ce kika ga ramin, kika kuma taka da idonki buɗe. Ke ce mai gyaran da ta kashe gyara. Kin bar wurin da ido mai yawan hawaye, da 'ya'ya a makaranta, ba ko takardar yabo.

Na same ta ranar Asabar a ƙofar gidanta tana sayar da ruwan leda. Ban gama gaisuwa ba ta tambaye ni ko fitilun na dawowa. Na ce ko ɗaya. Ta tambaya ko bokitin na nan. Na ce Maharazu ya ce yana nan, har sababbin ma'aikata na layi a gabansa, ba su ma san wa ya ajiye shi ba.

"To, mun gode Allah," ta ce, ta juya ga mai sayen ruwa.

Madam, mun gode, mu da duk gidan da fitilarsa ke ci. Masu aikin hannu, ku yi koyi da ita. Masu kamfani kuma, in kun samu irinta, kada ku saka mata da abin da aka saka wa wannan.