Guzurin da Kaka Ta Ɓoye a Jakar Anti

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Laraba ne Kaka ta tura gwangwanin dambun nama cikin jakar Anti. Na san lokacin domin ina zaune ƙarƙashin agogon falo da littafi a cinyata. Ina kallo, ban ce uffan ba. Shekarata goma sha ɗaya.

A unguwar Manfuha muke a lokacin, can ƙasar Larabawa, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ƙofarmu na kallon ƙofar Anti. Ba'indiya ce, dattijuwa, tana ɗinkin abaya a wani shagon mata. Kaka ba ta jin Larabci in ban da na salla, Anti kuma nata Larabcin gutsi-gutsi ne, amma kullum bayan la'asar sai su zauna a tabarma ɗaya su sha shayi, wannan na nuni da hannu, waccan na dariya. In magana ta cije sai a kira ni. Ni ce tafinta.

Ta bakina Kaka ta ji labarin tafiyar. 'Yar Anti ta shekara tara da aure ba haihuwa, sai Anti ta yi alwashin in ta ga jika za ta hau wani dutse a arewacin ƙasarsu, inda ɗakin bautarsu yake, ta yi godiya. Jikan ya zo. Ta jira shekara biyu kafin kafilinta, ubangidan da ya ɗauko ta aiki, ya ba ta hutu. Kwana arba'in kafin tafiyar ta daina cin albasa da tafarnuwa, ta koma kwana a ƙasa. A can kuma za ta sauka a ashram, wani gida da masu ibada ke zama tare da malaminsu.

"Ita da nata addinin, mu da namu," in ji Kaka. "Amma maƙwabciyata ba za ta hau dutse ba guzuri."

Kwana biyu tana aikin dambun. Ƙamshin citta da kanumfari da man gyaɗa ya cika bene har ƙasa. Kaka ta daɗe da lura cewa Anti ba ta ɗora tukunyar nama, sai ta yanke wa kanta hukunci: babu ce, albashin duk gida ake turawa, matar tana rufa wa kanta asiri. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Akwai wani tsohon littafi da Baba ya sayo min a kasuwar Batha, a ciki na karanta cewa da yawansu ba sa cin nama sam, saniya kuma abar girmamawa ce a wurinsu. Dambun nan kuwa na naman shanu ne.

"Kaka, ai su ba sa..."

"Ba sa me, malama? Buɗe baki mana! Akwai ɗan'adam ɗin da zai ga dambuna ya kau da kai? Koma ga takardunki."

Na koma. Ranar tafiya Anti ta ajiye jakarta a falonmu, tunda Baba ne zai kai ta filin jirgi, ta je kulle ƙofarta. Nan Kaka ta cusa gwangwanin ƙarƙashin tufafi, wai in an ba ta a hannu za ta ji kunya.

Watan nan zafi ya kai zafi, ruwan famfo kamar an tafasa shi, ni kuma ba na iya cin abinci. Na sake duba littafin, na ga har ana hana shiga irin waɗannan wurare da nama. Sai na riƙa ganin an buɗe jakar Anti a ƙofar ashram gaban jama'a, an kore ta, jiran shekara biyu da wahalar kwana arba'in sun tafi a banza. Na riƙa ganin ta dawo ta rufe ƙofarta ga Kaka har abada. Kalma uku da na gaza ƙarasawa ce za ta jawo haka.

Ta dawo ranar wata Asabar, ta rame, leɓunanta sun tsage, fuskarta kuwa fes. Ta kawo wa Kaka mayafin ulu. Ta zauna tana ba da labari ina fassarawa: yadda hanya ke nannaɗe dutsen, gajimare a ƙasanka kai kana sama, yadda ake tashi da asuba a ashram a yi wanka da ruwa mai sanyin ƙanƙara, kowa ya ɗauki tsintsiya, mai kuɗi da talaka, a zauna a jere a ƙasa a ci shinkafa da wake. Ta ce a ƙofar ɗakin bautar akwai ƙararrawa da kowa ke bugawa, ita da ta buga sai kuka ya ƙwace mata.

"Tambaye ta," in ji Kaka, "ya dambun?"

Na tambaye ta. Anti ta kalle ni.

"Ce mata ya ƙare tas. Ko ɓurɓushi bai rage ba."

Kaka ta tafa hannu. "Kin ji ko, malama?"

Yanzu Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sanin komai ba. Mun bar Manfuha, ina jami'a, Anti ta koma gida tana turo min hoton jikanta a waya. Har yanzu ba ni da yawan magana, amma in na san abu zai cutar da wani, ina ƙarasa zancena ko da muryata na rawa. Na fara koyon haka ne kwana uku bayan dawowar Anti daga dutsen, da na tare ta a kan matakala na faɗa mata komai: na sani, na gani, na yi shiru. Na tambaye ta ko na ɓata mata ziyara.

Ta ajiye ledar hannunta ta zauna a matakalar, ta ja ni kusa.

"Tun a motar babanki na ji ƙamshin, 'yata. Kwana biyu ina shaƙarsa a benen nan, zan kasa gane shi? A gindin dutsen akwai masu dawaki da ke hawa da tsofaffi irina. Wanda ya ja nawa Musulmi ne, shi na ba. Ya cinye rabi a tsaye, ya kai wa 'ya'yansa saura. Na wanke kayana a kogi, na yi wanka, na hau."

"Me ya sa ba ki bar shi a motar ba?"

"Babanki ya mayar mata? Godiya na tafi yi. Da wace fuska zan fara tafiyar da mayar wa tsohuwa kyautarta?"